Mai Tare Wa Datti Iska

Shekara uku cur, daga 1975, ƙungiyar Shaho ta Kaduna ba ta faɗi tseren keke ko sau ɗaya ba, kuma gari duka ya yanke hukunci cewa ƙwaya suke sha. Ni dai da ma ƙwayar ce. Mai shan ƙwaya jikinsa yake ci, abin da zan ba ku labari kuwa ya wuce nan.

Datti da ƙanensa Husaini 'yan Hayin Banki ne. Ubansu ya rasu ya bar musu rumfar faci da uwarsu, Inna Kande, mai toya waina a ƙofar gida. Dukansu biyu suna hau wa Alhaji Gambo, dillalin kekuna a Babbar Kasuwa, wanda ya kafa Shaho don sunan shagonsa ya fita.

Wanda bai taɓa tsere ba zai zaci ƙafa ce kawai ke ci. Iska ce abokiyar gaba. Na gaba shi take duka a ƙirji, wanda ya laɓe a bayan tayarsa kuwa kamar jansa ake yi. Don haka kowace ƙungiya takan zaɓi mutum ɗaya, sauran su riƙa karɓa-karɓa suna shiga gabansa har su ƙarar da ƙarfinsu, sai an hango layin ƙarshe ya fito da sabon ƙarfi ya ci. A Shaho, Datti ake tare wa iska. Bala da Zakari da Husaini su ne masu tarewa. Sai dai kafin 1975, duk wahalar nan tasu, na biyu ko na uku Datti ke zuwa, numfashinsa kan yanke daidai inda ake bukatarsa.

Wata rana Alhaji Gambo ya kira shi bayan kanta.

"Datti, ba na ciyar da doki don ya zo na biyu. Ka ci Kaduna zuwa Zariya bana, sabon shagona na Kawo naka ne. In ka faɗi, Husaini za a riƙa tare wa iska, kai ka shiga gabansa. Yaron ya fi ka huhu, kowa ya sani."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta hana Datti cin abinci kwana biyu. Yaron da ya koya wa taka feda da hannunsa! Ran Juma'a, daidai lokacin da mutane ke tururuwa zuwa masallaci, ya juya kan kekensa ya bi hanyar Rafin Guza.

Bokan da ya je wa, Mai Zuga ake ce masa. Bukkarsa na cikin wani kwazazzabo a bakin kogi, inda ko tsuntsu ba ya kuka. Rana tsaka ce, amma ciki duhu. A jikin azara an rataye huhun awaki jere, wasu sun bushe sun yi baƙi, wasu na ɗigar ruwa a kan kasko. A tsakar ɗaki akwai zuga-zugin maƙera na baƙar fata, babu wuta a gabansa, babu hannu a kansa, amma yana hawa yana sauka a hankali kamar ƙirjin mai barci. Ƙarni ya cika wurin.

"Zauna, mai keke," in ji bokan, wani ƙanƙanin tsoho mai farin ido ɗaya. "Numfashi ka zo nema."

"Ranka ya daɗe, so nake in ci. Ko nawa ne zan biya."

"Mayar da aljihunka. Numfashi ba a ƙera shi, na wani ake ɗauka. Duk wanda ya tare maka iska, nasa za ka riƙa shaƙa. Ka yarda?"

Datti ya shiga lissafi irin na mahaya. Ai da sauƙi. Zai laɓe a bayan 'yan Zariya, ya zuƙe su, ya wuce. Ina ruwansa da huhun abokin hamayya?

"Amma ban da jini, Baba. Ban da mutanen gidanmu."

"Ba na yanka ko kaza. Kuma ba ni zan zaɓa ba. Kai ke riƙe da kan keke, kai za ka zaɓi tayar da za ka bi."

"Shi ke nan sharaɗin?"

"Ka ji na ƙara wani?"

Ya miƙo masa bakin zuga-zugin ya ce ya hura har sai ya ga duhu. Datti ya hura, ya hura, ƙirjinsa ya kwashe kamar an juye tulu. Tsohon ya ɗaure bakin da baƙin zare, ƙulli bakwai, ya tofa. "Naka ya zauna a nan. Je ka."

Ranar tsere, bayan an wuce Kawo, Datti ya maƙale a bayan gwanin 'yan Zariya. Mil ɗaya, mil biyu, bai ji komai ba sai ƙirji na ƙuna. Ya fara zagin tsohon a ransa. Sai Bala ya zo ta gefensa yana murmushi, ya ce, "Biyo ni, Kyaftin," ya shiga gaba.

Nan take Datti ya ji wata iska mai sanyi ta cika shi tun daga maƙogwaro har cibiya. Ƙafafunsa suka yi sauƙi. Yana kallon bayan Bala yana rawa, yana jin tarinsa, shi kuwa kamar yanzu ya tashi daga barci. Kafin su kai Jaji ya gane abin da tsohon ya ɓoye: sai wanda ya tare maka iska da son ransa. Abokin hamayya ba ya ba ka komai. Mai ƙaunarka ne ke bayarwa.

A nan ne nake jin haushinsa, ba a bukkar boka ba. Birki na hannunsa. Bai kama ba. Ya shiga Zariya shi kaɗai, na biyu ko ƙurarsa bai gani ba.

Arziki ya zo da gudu. Lokacin ma'aikata sun sami ƙarin albashi, kowa keke yake so, kuma kowa so yake ya saya a hannun zakara. Shagon Kawo ya haifi na biyu. Datti ya gina gidan bulo a Unguwar Kanawa, ya ɗauke Inna daga bakin kasko, ya sayi mota. Shaho ta ci Kano, ta ci Jos, ta ci duk inda aka ja layi. Sauran ƙungiyoyi suka kai ƙara, kwamitin tsere ya kawo likita da 'yan kwalabe, aka ɗebi fitsarin kowa sau uku. Ba a sami komai ba. Datti ya riƙa nuna takardar a shago yana dariya.

Bala ne ya fara kwantawa. Saurayi mai ɗaukar buhun gero da hannu ɗaya ya koma ba ya iya hawa matakala uku. Asibiti suka ce ba tarin fuka ba ne, huhun ne kawai ya motse kamar na ɗan shekara casa'in. Ya rasu da damina. Zakari ya biyo layi, shi kuma abin a kai ya taɓa shi. Yakan zauna a bakin titi yana damƙar iska da hannu yana cusawa a baki, yana cewa wani na sha masa.

Datti ya yi ta kare Husaini, wannan gaskiya ne. Kullum ya ce masa, "Kai tsaya a baya, ka kula da masu kawo hari." Amma a 1977 aka sa babban tsere, Kaduna zuwa Zariya da dawowa, wanda ya ci za a kai shi ƙasar waje. Sababbin yaran da Alhaji ya ɗauko don albashi suke hawa, ba don Datti ba, bayan tayarsu babu komai sai ƙura.

Ana saura kwana ɗaya Husaini ya same shi a shago yana sa wa sarƙa mai.

"Yaya, gobe ni zan ja ka."

"A'a."

"Don me? Shekara biyu kana ajiye ni a baya kamar ragowar kaya. Ko ka raina ƙafata ne? Wa ya koya mini hawa in ba kai ba? Bari in rama maka ko sau ɗaya."

Datti ya dubi ƙanensa. Kalma huɗu ko biyar sun isa su cece shi. Ya tuna jirgin sama, ya tuna hotonsa a jarida. Ya ce a ransa, sau ɗaya ba ya kisa, ai Bala sai da ya yi tsere takwas.

"To, Allah ya kai mu," ya ce.

Abin da bai lissafa ba shi ne Bala rabin zuciya ya bayar, Husaini kuwa duka ya bayar. Mil ɗari ya ja yayansa bai nemi canji ba. A dawowa, wajen Rigachikun, jini ya fara fita ta hancinsa yana fallatsa a hannun Datti. Ya waiwayo ya ce, "Kana nan, Yaya?" Datti ya ce, "Ina nan, ƙara wuta." A Kawo ya fito ya wuce shi. Ana ɗaga Datti a kafaɗa, ana ɗaga Husaini daga kwalta.

Ya kwana biyu a asibiti. Maganar ƙwaya ta riga ta cika gari, har masu jinya na yi a gabansa. Ya kama rigar yayansa, muryarsa kamar ta sauro.

"Yaya, ka faɗa musu ban taɓa shan komai ba. Kada Inna ta ji kunya. Kai za su yarda da kai."

"Zan faɗa."

A daren nan Husaini ya rasu. Kwamiti ya ce mahaya uku ba sa lalacewa a banza, tabbas wata ƙwaya ce da kwalba ba ta gani. Aka soke Shaho, aka fasa tafiya waje. A zaman makoki wani dattijo ya ce yaran yanzu su ke kashe kansu. Inna ta ji daga cikin gida, ta leƙo soro, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban maza.

"Datti, kai ne yayansa. Faɗa musu."

In ya ce ba ƙwaya ba ce, za a tambaye shi to mece ce. Ya sunkuyar da kai.

"Allah dai ya yafe masa kurakuransa," ya ce. Aka shafa, magana ta zauna.

Daga nan babu tsere, babu mai shiga gabansa, ƙirjinsa ya fara rufewa. Masu saye suka guje wa shagon 'yan ƙwaya, Alhaji ya karɓe kayansa. Datti ya sa aka kai shi Rafin Guza, ya rarrafa cikin bukka.

"Ka cuce ni, tsoho! Ba ka ce sai mai ƙaunata ba!"

"Ban ce ba. Amma a Jaji ka gane. Ka sauka?"

"Ba ni nawa numfashin."

Tsohon ya nuna zuga-zugin da ke hawa yana sauka. "Masu zuga-zugin nan sun daɗe da shanye shi. Nemi mai shiga gabanka."

Mutum ɗaya ta rage a duniya da za ta yi. Ya kwanta a gaban Inna yana haki, ya faɗa mata komai, tun daga Juma'ar nan har Rigachikun. Ba ta yi kuka ba. Ta dube shi ta ce:

"Ka san abin da zai same shi, ka ce masa ƙara wuta?"

"Inna, ki yafe mini."

"Wannan tsakaninka da Allah. Ni abu ɗaya nake so. Yanzu za a fito daga La'asar. Ka je ƙofar masallaci ka faɗi abin da ka faɗa mini, a wanke mini ɗana."

"Ba zan kai ba, Inna. Ko zaure ba na iya kaiwa."

Hadari ya haɗo daga gabas, iska na fizgar kwanon rufi. Inna ta san abin da take yi. Ta ɗaura gyale a ƙugu ta ce, "Tashi ka biyo ni. Ba don kai ba."

Tsohuwa ta shiga gaba, iska na dukanta a ƙirji, ɗanta na laɓe a bayanta. Kowane taku ita tana raguwa, shi yana miƙewa. Da suka isa, ta zube a jikin katangar masallaci, bakinta a buɗe. Jama'a na fitowa suna neman takalma. Datti ya tsaya a gabansu, ƙirji cike, karon farko cikin wata shida. Ya ga liman, ya ga maƙwabta, ya ga uban Bala. Ya san in ya buɗe baki ba zai bar wurin da ƙafarsa ba.

"Lafiya, Datti?" in ji liman.

Inna ta ɗago ido tana jira.

"Jikin Inna ne ya tashi, Malam," ya ce. "A taimaka mini da mota."

Ta yi ƙoƙarin magana, babu iskar da za ta ɗauki kalmar. Ta juya fuskarta ga katanga. Ba ta kai asibiti ba.

Numfashin uwarsa wata biyu ya yi masa. Bayan nan hankalinsa ya gushe. Yakan bi mutane a tashar Kawo, ya manne a bayansu yana haki yana cewa, "Ja ni, ɗan'uwa," su kuwa su ture shi su wuce. A nan aka tsinci gawarsa wata safiya. Har aka rufe shi, Husaini ɗan ƙwaya ne a bakin mutane.

Kai da ke ganin na biyu ya yi maka kaɗan, ka ji da kyau. Boka ba ya da abin ba ka, na mutanenka zai ɗebo maka, kuma da hannunka zai sa ka ɗiba. Kafin ka bi hanyar bukkarsa, dubi wanda ke shiga gabanka don ka huta. Shi za ka fara ci, kuma ba za ka tsaya a kansa ba.