Wuri Ɗaya da Ya Rage

A makon da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, Rifkatu ta zo Kano daga Zonkwa wurin Laraba, ƙawarta tun yarinta. Laraba ta yini tana zagayawa da ita Gyadi-Gyadi da kasuwar Tarauni. Da magariba ta ce saura wuri ɗaya.

Suka shiga wani lungu mai tsohuwar tsamiya. Hayaniyar unguwa ta ɗauke ɗif. Laraba ta damƙe hannunta gam.

"Ga ta na kawo muku," ta ce wa tsamiyar tana kuka. "Ni ku ƙyale ni haka."

"Laraba, da wa kike magana?"

Ko kallonta ba ta yi ba. Daga cikin rassan aka ce, "Sannu da zuwa, Rifkatu."

Muryar Rifkatu ce sak.