Aljanar Kukar Furera

Bayan girbi, shekarar da aka raba gonar gado a wani ƙauye na Kwaya, a ƙasar Nijar, tsohuwar kuka ta faɗa a kason Sidi, ƙanen Alkasim. Kakansu ne ya sari dajin, daga bakin tafki har hanyar kasuwa. Yanzu kason kowa bai wuce shukar hantsi ɗaya ba. Sidi ya ce inuwar tana kashe masa gero, ya sa mata gatari. Alkasim bai hana ba, ko da yake ganyen kukar nan marigayiya matarsa Furera take shanyawa ta daka, fatake su tsallaka da shi Najeriya, gidan ya ci abinci da bazara.

Da magaribar ranar da kukar ta faɗi, tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon ɗaki. Awaki suka yi tsit. Ruma'isa, 'yar Alkasim tilo, tana tankaɗe a tsakar gida, sai ta ɗago kai.

"Maigida, ka dawo? Wanke ƙafarka tukuna."

Muryar Furera ce, har da 'yar shaƙewar nan tata. Buta ta suɓuce daga hannun Alkasim.

Bai gaya wa kowa ba. Kullum rana ta yi ja, sai ya shimfiɗa tabarma ya zauna, muryar ta tambaye shi ciwon bayansa, ta yi masa faɗan goro. Ruma'isa kuwa ta daina cin tuwo, wuyanta ya zama kamar sillen kara. Alkasim yana gani. Kullum sai ya ce gobe zai nema mata magani.

Sidi ne ya ji ta katanga, ya hau moto mai ƙafa biyu ya ɗauko Malam Zakariya na Bande, tsoho mai ruƙiyya. Malam ya yi karatu har yarinyar ta sandare.

"Wace ce ke?"

"Mai kuka," in ji wata murya busasshiya. "Tun kafin kakansu ya zo nake ciki. Kun raba ƙasa har ba wurin tsugunawa. Ina zan je?"

"Muryar matar mutane fa?"

"Shekara da shekaru tana tsinkar ganye tana yi mini hira. Da kuka binne ta, ni na adana. Shi ma yana so. Tambaye shi."

Malam ya juyo. Alkasim ya sunkuyar da kai.

Aka daidaita: za a dasa 'yar kuka a bakin tafki, ba mai taɓa ta, aljanar ta koma can.

"Amma da muryar zan tafi," in ji ta. "Sai shi ya sallame ni da bakinsa."

"Yaya, don Allah," Sidi ya ce a hankali.

Alkasim ya dubi hannun 'yarsa, awarwaron uwarta yana zamewa har gwiwar hannu. Muryar Furera ta dawo, ƙasa-ƙasa.

"Maigida, in tafi?"

Alkasim ya ɗago kai.

"Tafi. Allah ya jiƙan mai ita."

Ruma'isa ta yi atishawa ta buɗe ido. "Baba, yunwa nake ji."

Washegari da magariba Alkasim ya dawo daga dashen kukar a bakin tafki, laka har idon sawu. Ya tsaya a ƙofar gida, ya jira kaɗan. Sannan ya ɗauki buta ya wanke ƙafarsa.