Katan Arba'in da Suka Ɓace a Hanyar Asibiti

Ranar Talata da hantsi aka kira Sufeto zuwa kamfanin rarraba magunguna. Mota ta isa asibiti, amma babu katan arba'in na allurai.

Direban yana durƙushe, hula a hannu. "Ranka ya daɗe, na'urar nuna hanya ta motar ce ta ce in sauke su a wani sito. Baƙo ne ni a garin nan, ko yanka ni za a yi ba zan gane wurin ba."

Mai kwamfuta, wanda ke tsara wa motoci hanya, ya juyo da allonsa. "Ƙarya yake, yallaɓai. Ga hanyarsa. Ya tsallaka layin dogo ƙarfe tara da kwata, bai tsaya ko'ina ba."

Wani dattijo a lungun ofis ya yi gyaran murya. Baba Taswira ake ce masa. Shekara talatin ya yi yana tsara hanyoyin da fensir, kafin kwamfuta ta zo a mayar da shi mai riƙon makullai.

"Tara da kwata ranar Talata? Jirgin siminti ne kwance a mashigar nan har tara da rabi. Ko akuya ba ta wucewa."

Sufeto ya buga wa mai gadin mashigar waya. Haka ne, ba ragi ba ƙari.

"To ina motar ta je, Baba?"

Dattijon ya tambayi direba kwana nawa ya sha, ya hau gada ko bai hau ba, wane wari ya ji. Direba ya ce warin fenti. Baba ya lumshe ido, leɓɓansa na motsi, sannan ya dangwala fensir a tsohuwar taswirar bango.

"Nan. Bayan masu fentin mota."

Sufeto ya tura kofur ɗinsa can. Ba a jima ba kofur ya kira: ga katan arba'in, kuma da sunan mai kwamfuta aka kama hayar siton.

Mai kwamfuta ya amsa laifinsa. "Ni na karkatar da shi, na goge hanyar da ya bi, na zana wata. Kwamfutar ba ta ce akwai jirgi ba."

Aka sa masa ankwa. A bakin ƙofa Sufeto ya juyo.

"Baba, ta ina zan fi saurin isa caji ofis?"

Dattijon ya dubi agogo. "'Yan makaranta sun tashi, kada ka bi babban titi. Bi ta bayan gidan ruwa. Minti goma sha ɗaya."

Da Sufeto ya kashe mota a ƙofar caji ofis, ya duba agogonsa: minti goma sha ɗaya cif. Ya daɗe bai buɗe ƙofa ba.