Rigar Baba a Ɗakin Fenti

Umma ba ta shiga garejin da ke bayan gidansu tun da aka mayar da shi ɗakin aikin matar ɗanta Auta, wai warin gam da fenti yana hawa mata kai. Ranar nan ma neman almakashinta ne ya kai ta.

Matar Auta, wadda dangin miji suka laƙaba wa 'Yar Fenti, tana durƙushe tana goge firam. Aikinta ba zane kaɗai ba ne. Fenti take haɗawa da tsumma da waya da tsofaffin makullai, ta liƙa su a kan ƙyalle mai kauri da aka ja aka kafe a firam, har abin ya zama hoto. A karo na farko an ba ta bango guda a baje kolin zane da za a buɗe ƙarshen mako, kuma babban hoton da ke jingine a garejin shi masu galari, wato gidan baje kolin, suka zaɓa ya tsaya a bakin ƙofa.

Gaban wannan hoton Umma ta tsaya cak. A tsakiyarsa akwai shuɗiyar rigar aiki mai tabon baƙin mai, an yanke mata hannuwa, an baje ta an liƙe.

"Ke. Rigar wa ce wannan?"

Ba amsa take nema ba. Rigar Baba ce, marigayi mijinta, makanikin da ya ƙare rayuwarsa a wannan garejin. Ita da kanta ta ninke ta ta sa a ƙasan akwatinta.

Kafin a jima gida ya kama da wuta. Yaya, babbar 'yar Umma, ta iso ko takalmi ba ta cire ba, ta ce dama ta faɗa, macen da ke tsince-tsince a bola ba abin da zai hana ta buɗe akwatin tsohuwa. Ta kira ta ɓarauniya a gaban kowa.

'Yar Fenti ta juya ta dubi mijinta. Shi ne ya kawo mata rigar a jakarsa, ya ce Umma ta yarda, har ta sa albarka. Ta jira ya buɗe baki. Auta ya dubi takalminsa, ya ce Umma ta yi haƙuri, zai yi wa matarsa faɗa.

Umma ta yanke hukunci: rigar ta koma akwati kafin motar galari ta zo, ko yarinya ta tattara burushinta ta bar gidan. Ba za ta zauna inuwa ɗaya da mai yanka kayan mamaci ba.

Maganar tana kan harshen 'Yar Fenti, ta haɗiye ta. Ta san in tsohuwar ta ji a gaban Yaya cewa autanta ne ya yi mata sata ya ɗora da ƙarya, abin zai fi yankan rigar ciwo. Amma da suka shiga ɗaki ita da Auta ta rufe ƙofa, ba ta raga masa ba.

"Bebi, sori mana, ki bari ta huce tukuna..."

"Kada ka sake ce mini bebi. Kana tsaye kamar turken shanya ana kirana ɓarauniya. Ni ba zan faɗa ba. Bakin da ya yi ƙaryar shi zai gyara ta. In kuma bai iya ba, to na san irin wanda na aura."

Washegari da safe ta ɗumama ruwa, ta ɗauki siririyar wuƙa ta shiga gareji. Gam ya riga ya bushe ya kama rigar kamar fata. Tana jiƙawa tana ɓamɓara, fenti yana zubowa, hawayen takaici yana bin fuskarta. Matar da ke kula da galarin ta bugo waya tana tambayar babban hoto, 'Yar Fenti ta ce mata su nemi wani su sa a bakin ƙofar. Auta yana tsaye daga waje yana ji. Sai wuƙa ta zame, rigar ta yage daga kafaɗa, ƙarar ta cika garejin.

Wannan ƙarar ce ta kai shi inda kunya ta kasa kai shi jiya. Ya je ya durƙusa gaban Umma, Yaya tana zaune, ya faɗi komai. Umma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa ubansa bai taɓa ɓuya a bayan mace ba, ya tashi ya ba ta wuri. Yaya kuwa ta tuna ta bar tukunya a kan wuta, ta suri jaka ta fice, ko haƙuri ba ta bayar ba.

Umma ta shiga gareji ta tarar da rigar rabi a liƙe rabi tana reto. Ta daɗe tana kallon aljihun, inda wani tsohon faci yake daidai tsakiyar hoton, ko ɗigon fenti bai taɓa shi ba. Ta tambayi me ya sa aka bar wannan wurin haka. 'Yar Fenti ta ce duk rigar nan facin ya fi burge ta, ɗinkin ƙanana ne ƙwarai, ta san wanda ya yi shi yana son mai rigar.

"So?" Umma ta ja tsaki. "Sifanar kwance noti yake cusawa a aljihun ya yage, in ɗinke, ya sake cusawa. Faɗan da muka yi a kan aljihun nan ba ya ƙirguwa." Ta goge ido da bakin mayafi. "Me ya hana ki magana jiya?"

"Ɗanki ne, Umma."

"Ɗana ne. Amma ke ma laifinki yana nan. Ga ɗakina ga naki, an kawo miki abu daga akwatina, ƙafarki ta yi miki nauyi ki zo ki tambaye ni da bakinki?"

'Yar Fenti ta sunkuyar da kai ta ba da haƙuri, don gaskiya aka faɗa mata. Ta ɗaga wuƙa za ta ƙarasa cirewa, Umma ta buge mata hannu.

"Ajiye. Rigar mijina ba takalmi ba ce da za a liƙa ta da gam. Miƙo basilla da zare mai ƙarfi."

Aka kira Auta aka tsayar da shi a bayan firam. Umma tana soka basilla ta gaba, shi yana karɓa ya mayar ta baya. Duk lokacin da ta huda masa yatsa ya yi ƙara, sai ta ce ya yi mata shiru, ai jiya ya nuna ya iya. 'Yar Fenti tana gefe tana gyara fentin da ya zube, ta yi niyyar ba za ta yi dariya ba, amma ta kasa. Da yamma ita ce ta wanke masa yatsun ta ɗaure, ko da yake sai da ya ƙara kwana yana lallashi kafin ta amsa gaisuwarsa da sakin fuska.

'Yar Fenti ta buga wa masu galari waya ta ce hoton yana nan zuwa. Ranar buɗe baje koli hoton ya tsaya a bakin ƙofa, ɗinkin Umma yana zagaye da rigar, jama'a suka yi cincirindo a gabansa. Umma ta sa aka kawo mata kujera ta zauna kusa da shi, duk wanda ya miƙa hannu zai taɓa sai ta daka masa harara.

To 'yan mata, ku ji da kyau. Fushi ba laifi ba ne in an zalunce ki, amma ki san inda za ki sauke shi. Da yarinyar nan ta tona mijinta a tsakar gida, da ta wanke kanta ta rasa uwar miji har abada. Kuma abin da ya fito daga ɗakin babba, ki je ki tambayi babban da kanki. Ku kuma samari, namijin da ya yi shiru ana zagin matarsa a kan laifinsa, ya shirya yatsunsa.