Silin Gashi a Ruwan Sarki

Malliya ta tace ruwan da farin ƙyalle, ta ɗauki tasar ta nufi ɗakin mijinta, Sarki Armaziti. Aikin bayi ne, amma tun da suka yi aure ba ta taɓa yarda wani ya kai masa ruwan wanke fuska ba.

A bakin ƙofa uwar sarki ta tare ta. A nan birnin Hattusa sarauniya ba ta sauka sai ta mutu, don haka har yau tsohuwar ce Tawananna, uwar ƙasa, Malliya kuwa matar sarki ce kawai. Duk da haka ganin yarinyar ma baƙanta mata rai yake yi.

"Ke 'yar makiyaya, buɗe in gani!"

"To, Inna."

Ta sunkuya kan tasar, ta yatsine fuska. "Wuce, ƙazama."

Sarki ya tarbi matarsa da murmushi. "Wai ke ba kya gajiya ne?"

"In na gaji sai ka nemo wadda ba ta gajiya!"

Yana dariya ya tsoma hannu. Da ya ɗago, ga silin gashi nannaɗe a yatsansa. Kowa ya san doka: wanda ya ƙazantar da ruwan sarki, kogi ake jefa shi, kuma ba kasafai kogin ke maido mutum ba.

Sai ga tsohuwa ta faɗo tana kururuwa, ido a bushe ƙamas.

"Wayyo ni! Ta ƙazantar min da ɗa! A kai ta kogi!"

Malliya ta dubi gashin, ta gane mai shi. Amma in ta faɗa, mijinta ne zai jefa uwarsa a ruwa da hannunsa, ya rayu da wannan har abada. Hawaye suka zubo mata.

"Malliya, ki yi magana mana!" in ji Sarki.

"Ni na kawo ruwan, ranka ya daɗe. Iyakar abin da zan ce ke nan."

Ya matsa bakin taga, ya ɗaga silin a hasken rana. Fari ne fat, tsawonsa kamu guda.

"Inna, yaushe matata ta yi furfura?"

"Ni kake tambaya? Ni da gashina baƙi wuluk?"

Baƙi wuluk, wai! Shekara da shekaru tana shafe furfurarta da mai da baƙin tukunya, har ta manta baƙin na aro ne. Ta tsige shi baƙi ta saka a tasar, ruwa ya wanke mata shi tas. Makirci ya cika ciki, wayo kuwa ko na kaza babu.

Dogarai suka matso. Malliya ta zube ta riƙe ƙafar mijinta.

"Don girman alloli, kada ka taɓa ta! Ita ta haifa min kai."

Sarki ya ɗago ta, shi ma idonsa ya cika. "Saboda ke ta tsira."

Sarautar dai ba mai iya ƙwace mata, sai aka tura ta da abarta wani ƙauye can bayan duwatsu, ta je ta yi wa awaki Tawananna.

'Yan mata, ku riƙe haƙuri irin na Malliya. Ku kuma surukai masu baƙar zuciya, ku dubi tsohuwar nan: kowace safiya ta buɗe ido, numfashin da take shaƙa sadakar 'yar makiyaya ce.