Akwatin da Ya Ƙi Dawowa Daga Gyara

"Ba ni akwatina."

Auta ko sallama ba ta yi ba. Tana tsaye a bakin shagon gyaran jakunkuna, ƙafafunta na zugi, don tun safe take kan layin gwajin lafiyar da jami'a ta ce sai an yi kafin rajista.

Dogo, saurayinta, ya ɗago daga kan keken ɗinki.

"Autata... zauna mana ki huta."

"Na zauna jiya, na zauna shekaranjiya. Zif ne fa kawai, Dogo, ba ginin bene ba."

Ta gaji, kuma gajiyar ba ta yau ba ce. Ta ci littafi har idanunta suka fara ruwa, sai da sakamako ya fito ta gane ashe jarrabawar ce mai sauƙi. Umma ta sa ta a gaba: ga yadda ake kunna risho, ga yadda ake zama da mutane, kada ki ari kayan kowa. Bokiti da katifa da gidan sauro sun cika ɗaki. Akwatin marigayi Abba kaɗai ya ƙi dawowa daga gyara, mota kuwa jibi za ta tashi.

Yayarta ta gama yanke hukunci tuntuni.

"Wanda bai je ba, ba ya so a je. Riƙe akwatin nan ke yake riƙewa. Rabu da shi tun bai zame miki ƙarfen ƙafa ba."

Ga kuma 'yar mai gidan da shagon yake, wadda kullum take kai wa Dogo ruwan sanyi ba a aike ta ba. Ita ta tare Auta ɗazu tana murmushi, wai ai Dogo ya ce 'yan jami'a ba sa waiwaye.

"Ka faɗa mata haka?" Auta ta tambaya.

Ya sunkuyar da kai.

"Na faɗa... Amma tsorona na faɗa, ba fatana ba."

Ya durƙusa ya jawo wani abu daga ƙarƙashin tebur, ya yaye ƙyallen da ya rufe shi.

Akwatin ne. Sabon zif, sabbin tayoyi, har mariƙin da ya tsage an naɗe shi da fata.

"Ranar da kika kawo shi na gama," ya ce. "Kullum sai in ce yau zan kai. Sai in tuna in na miƙa shi, ba ki da sauran dalilin tsayawa a ƙofar nan."

Ta so ta yi masa faɗa, ƙarfin ne babu. Ta zube a kan benci, hawaye na sauka ba ta ko share ba. Haushinsa take ji, tausayinsa ya fi yawa.

"Zan tafi, Dogo. Ko a buhu ne sai na zuba kayana na tafi."

"Na sani, masoyiya."

"Ka sani?"

"Shi ya sa na sa masa tayoyi masu ƙarfi. An ce ɗakunan kwanan can da nisa daga bakin ƙofa... ba na so hannunki ya yi ciwo."

Auta ta daɗe tana kallonsa. Sai ta miƙa hannu kan tebur ta ɗauki filaya, ta kama kan zif ɗin ƙaramin aljihun waje, ta murɗe shi ya ɓalle.

"Subhanallahi, me kika yi haka?"

Ta ajiye guntun ƙarfen a tafin hannunsa.

"Ya lalace. Hutun farko zan kawo gyara." Ta share fuska da gefen mayafi. "A wannan karon ka ja mini rai yadda kake so."

Dogo ya damƙe guntun ƙarfen a hannunsa.

Shi ya kai mata akwatin har ƙofar gida, Yaya na tsaye tana hararar su. A kafaɗa ya ɗauko shi duk nisan nan, wai kada tayoyin su taɓa ƙasa kafin jibi.