Muryar Kwandasta

Muryarta Wendell ya fara so tun kafin ya ga fuskarta. Yana zaune a taragon gilashi, gonakin alkama na jihar Montana suna ta shuɗewa kamar a mafarki, kunnensa manne da 'yar na'urarsa mai kamo hirar ma'aikatan jirgin ƙasa. Na'urar ji kawai take, ba ta magana. Halinsu ɗaya da mai ita.

"Direba, kowa ya shiga, mu je gida," in ji muryar, a natse, da ɗan murmushi a cikinta.

Can sai ga mai muryar tsaye a kansa da hular kwandasta, an rubuta Britta a ƙirjin rigarta.

"Malam, tikiti. Wannan kuma fa? Gulmarmu kake sauraro?"

"Ke nake... wato, jirgin nake sauraro."

Ta tuntsire da dariya. Kafin tashar Havre, inda ake canjin ma'aikata, da kanta ta karɓi wayarsa ta sa lambarta, don ta lura in ta biye masa har ta sauka bai buɗe baki ba.

Daga nan tafiya ta zame wa Wendell sana'a.

"Muryata, yau na ji ki tun daga tashar Shelby. Kina mura, ki sha shayi."

"Sarkin Kunne, ka bar min ko sirri ɗaya mana."

Amma da maganar aure ta je gaban mahaifinta Gunnar, tsohon direban jirgin ƙasa da ciwon ido ya raba da aiki, sai ya yi tsalle ya dire.

"Irin masu tsayawa bakin layin dogo suna dalalar da miyau in jirgi ya wuce? Mu mun sha ƙanƙara, su suna ɗaukar hoto! Ga Dale nan, direba ɗan direba."

Britta ba ta son Dale, amma ita kaɗai ta rage wa tsohon, ba za ta yi aure bisa ɓacin ransa ba. Wendell kuwa ya yi gum, har ta ɗauka ya janye.

"Sarkin Kunne, batirin ne ya mutu, ko son?"

"Ko ɗaya. Yaushe Baba zai je ganin likita a garin Minot?"

Ranar, a jirginta, ya zauna kusa da tsohon. Bai roƙe shi komai ba, abin sawa a kunne na na'urarsa kawai ya miƙa masa. Gunnar ya ja tsaki, amma ya saka.

Na'urar gefen layi mai duba ƙafafun jirgi ta faɗi lambar mil, ta ce babu matsala. Tsohon ya lumshe idanun da ba sa gani sosai.

"Gada ce a gaba," ya ce a hankali. Sai ga rugugin gada a ƙarƙashinsu.

Bayan sun tsaya a tasha, muryar ta zo: "Direba, kowa ya shiga, mu je gida."

Gunnar ya ƙame. Ya bar aiki kafin ta fara, bai taɓa jin ta a rediyo ba. Kalaman nan kuwa nasa ne, da su yake ɗauko ta daga makaranta tana 'yar mitsitsiya.

"Kullum haka take cewa?"

"Kowace tasha, Baba."

Tsohon ya share ido da bayan hannu.

"Abin nan naka yana magana?"

"A'a, ji kawai yake."

"To kai ai kana da baki, yaro. Yi amfani da shi kafin in sauya ra'ayi."

Nan take Wendell ya nemi auren Britta.

Da bazara aka ɗaura auren a wani ɗan coci a Havre, Dale ma ya sakar musu doguwar jiniya da jirginsa ya zo wucewa. Gunnar ya dafa kawunansu ya ce Allah ya ba su doguwar tafiya babu matsala.

Na'urar dai Wendell bai sake ganin ta ba. Tana barandar surukinsa, inda kowace yamma tsohon ke zama da ita a kunne, yana jiran 'yarsa ta ce a je gida.